Garka a Bayan Ɗaki: Miyar da Ba Mu Tsoron Ci

 

An ce in yi magana a kan garkar cikin gida, wadda ake yi ba takin zamani, ba maganin feshi na kanti. Na san akwai wanda ya ce cikin ransa: mu da munka yi lakol, munka fito jami'a, yau salati za a koya mana shukawa? To ku ba ni ƴan mintoci, mu fara da lissafi, tunda shi ne ba ya jin kunyar kowa.

Mu ɗauka gida yana kashe dala 100 kowace rana a kayan miya: tumati, albasa, tonka, ganye. Kar ku ce ya yi yawa ko ya yi kaɗan, kowa ya sa adadin gidansu. Dala 100 sau kwana 30, jikka 15 ke nan a wata, jikka 180 a shekara. Ku tambayi iyayenmu mata, su da ke riƙe da kuɗin cefane, yadda tumati ke zama lokacin damina, sa'ad da guda uku ke neman su fi nama daraja. Garkar bayan ɗaki ba za ta ba ku hatsi ba, ba za ta ba ku shinkafa ba, duk wanda ya ce muku haka ya ruɗe ku. Amma za ta iya ɗauke wani kashi na wannan jikka 15, kuma kashin da ta ɗauke kun san abin da ke cikinsa.

Wannan sanin shi ne babban dalilina, ya ma fi kuɗin. Ku shiga kowace kasuwa, daga Maraɗi har Damagaram, za ku tarar da mai tebur yana saida maganin ƙwari kusa da mai goro. Wanda kowa ya sani shi ne piya-piya. Sinadarin da ke cikinsa ana ce mishi diklorbos, kuma Tarayyar Turai ta hana a fesa shi a kan abin da za a ci. Mu nan ana fesa shi a ɗaki don sauro, a zuba shi cikin buhun wake, a fesa shi a kan shu da tumati. Akwai kwamitin ƙasashen Sahel ƙarƙashin CILSS, mai mazauni a Bamako, wanda shi ke tantance magungunan da ya halatta a saida, kuma RECA, haɗakar majalisun manoma ta Nijar, ta sha bayyana cewa da yawa daga abin da ke kan teburan kasuwanninmu bai bi ta wannan tantancewa ba. Ko maganin da ya halatta ma yana da ƙa'ida: akwai kwanakin da dole a jira tsakanin feshi da tsinka. An rubuta su a jikin kwalba, da Faransanci ko Ingilishi, wani sa'in har da rubutun Sin. Wa ya karanta wa mai garka? Ni ba na zagin masu garka, wallahi su ne farkon masu shaƙar abin, ba safar hannu, ba abin rufe hanci, wani da ɗansa a gefe yana riƙe mishi bido. Amma salati ɗanye muke cin shi, ba ya ganin wuta. A Yamai kuma kowa ya san irin ruwan da ke bi ta Guntu Yena, ya kuma san akwai garake a bakinsa.

Abu na biyu, ku tuna ƙarshen watan Yuli na 2023, da CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi anka rufe iyakoki, har zuwa Fabrairun 2024. Kowa ya ga yadda kaya sunka tashi. Kayan miya dai a ƙasarmu ake noma su, albasar Galmi ma har Abijan da Akara take zuwa. Sai dai irin da ke cikin gwangwani, da buhun taki, da kwalbar magani, galibinsu daga waje suke shigowa. Garkar da ke tsaye kan kashin awakin gidanku, da ƴaƴan bedin ƙofar gidanku, da irin da kunka aje da hannunku, ba ruwanta da an buɗe iyaka ko an rufe. Kuma wannan ba sabon abu ba ne. Bayan farin 1984 gwamnatin Seyni Kunce ta tura jama'a noman rani, garake da yawa da kuke gani a garuruwanmu daga lokacin sunka samo tushe. Kakanninmu mata kuwa tun kafin nan suna da kubewa da yakuwa a bayan ɗaki, ba wanda ya ba su sunan Turawa.

To yaya ake farawa?

Ku fara da rana. Ku duba cikin gida inda rana ke samu kamar awa 5 zuwa 6, an fi son ta safe, inda katanga ko itace ke kare zafin la'asar. Kada ku kama wuri babba. Fangali biyu sun isa, kowane faɗin mita 1, tsawon mita 2. Faɗin mita 1 yana da dalili: hannu na kai tsakiya daga kowane gefe, ba sai an taka ƙasar ta daddaƙe ba. Wanda ke gidan haya, ko gidan da anka shafe da siminti, ya nemi buhunan shinkafa da sunka ƙare, tsohuwar taya, bidon da ya fashe a yanke shi biyu. A huda ƙasansu don ruwa ya fita. In mai gida ya ce a tashi, sai ku ɗauki garkarku ku sa a amalanke tare da katifa.

Kafin iri, shinge. Na fi nanata wannan da komai, don akuya ɗaya na iya cinye aikin wata biyu kafin a sallame sallar azahar, kaji kuma su tone abin da ta bari. Darnin kara ya isa, ko zana, ko tsohon gidan sauro, wanda shi har tsuntsaye da fara yake karewa.

Sai ƙasa, nan ne aikin yake. Ƙasar yawancin gidajenmu rairayi ce, ruwa na wucewa kamar an zuba a kwando. Mai takin zamani yana ciyar da shuka kai tsaye. Mu da ba mu sa shi, dole mu gyara ƙasar kanta ta riƙa riƙe ruwa da abinci. Ku haƙa rami, zurfin kamar rabin mita, a inuwa. Ku shimfiɗa busasshen abu a ƙasa: ganyen da anka share, ƙaiƙayi, guntayen kara. A kai ku zuba kashin awaki ko na shanu ko na kaji. A kai ɓawon kayan miya da ragowar ganye daga madafa. Ku barbaɗa toka kaɗan, ku yayyafa ruwa, ku sake jerawa haka har ramin ya cika, ku rufe da tsohuwar tabarma. Bayan ƴan kwanaki ku tura sanda ciki ku zaro. In kun ji ta da zafi, aiki na tafiya. Duk sati biyu ku juya shi, ku ƙara ruwa in ya bushe, ya zama da laima amma ba ya ɗiga. Cikin wata biyu zuwa uku zai koma baƙi, ya daina wari, ya yi ƙamshin ƙasar farkon damina. Ku zuba kamar bokiti ɗaya zuwa biyu a kowace mita, ku cuɗa.

Abu biyu nake roƙo a nan. Kada ku sa ɗanyen kashin dabba kai tsaye a fangali, musamman na kaji: yana ƙone saiwa, yana kawo ƴaƴan ciyawa, kuma yana ɗauke da ƙwayoyin cuta da za su hau kan ganyen da za ku ci ɗanye. Zafin ramin nan shi ke rage su. Kuma kada ku kwaso ƙasar juji ta bakin titi don kun ga ta yi baƙi. Jujin da, na toka ne da shara da kashin dabbobi. Jujin yau leda ne, da matattun batura, da allurai. Tun 2014 akwai dokar da ta hana ledar nan a Nijar, amma ku leƙa kowace kwata ku gaya mini.

Yanzu ruwa, don na san shi ne tambayar da ke bakin kowa, ga takardar pompo duk wata, ga unguwannin da ruwa ba ya zuwa sai tsakar dare. Kayan garka na shan kamar lita 5 zuwa 8 a kowace mita a rana, gwargwadon zafi. Fangalinmu biyu mita 4 ne, wato kusan bido ɗaya mai lita 25 a rana. To ku lissafa ruwan da ke zubewa a gidanku a banza: na alwala sau biyar, na mutum nawa? Na wankin shinkafa, na wankin hatsi, na ɗaurayar kayan miya. A aje roba a wurin alwala kawai, rabin bidon nan ya samu. Ruwan da ke da Omo ko jabel ko maiƙo, shi kam a'a, yana kashe ƙasa sannu a hankali. A ba da ruwa da sassafe ko da marece, a gindi, ba a kan ganye ba. A rufe fuskar fangali da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa don rana ta rage sha. Akwai kuma dabarar tulu: a binne tulun ƙasa wanda ba a shafe shi da komai ba har wuya a tsakiyar fangali, a cika shi, a rufe baki. Yana tsatsa kaɗan-kaɗan, saiwoyi su zo su kewaye shi. Da wannan ko kun yi tafiyar kwana biyu ba ku dawo kun tarar da gawa ba.

Me za a shuka? Shawarata, kada mai farawa ya fara da tumati. Kowa shi yake so, shi kuma ya fi kowa laulayi. Akwai tsutsar da ake kira Tuta absoluta, wadda ta cinye gonakin tumati a Kano a 2016, tana nan ƙasarmu ita ma, tana shiga tsakiyar ganye inda feshi ba ya kai mata sosai. Kuma in zafi ya wuce digiri 35 furen tumati zubewa yake, shi ya sa na watan Afrilu sai ganye ba ɗiya. Ku fara da waɗanda sunka san mu: alayyahu, da ake fara yanka cikin sati uku zuwa huɗu; yakuwa, rama, lalo, kubewa. Su ne ke jure bazara. Sannan zogale, el-makka kamar yadda muke cewa, ko guda biyar ne a jikin katanga. In ya kai tsayin ƙugu ku datse kansa ya yi rassa, kada ku bar shi ya miƙe sama inda hannu ba ya kai. Shi kaɗai ya isa ya riƙe gida da kwaɗo da dambu shekara duka. In sanyi ya shigo, daga Oktoba zuwa Fabrairu, lokacin salati ne da shu da karoti da albasa da tumatin. Salati sati uku a wurin reno, a dasa, bayan wata ɗaya da ƴan kwanaki a fara ci. Kada ku shuka shi duka rana ɗaya, ya nuna muku duka rana ɗaya. Ku riƙa zuba kaɗan duk sati biyu.

Ƙwari za su zo, wannan ba makawa. Maganin farko ido ne: duk safiya a ɗaga ganye a duba ƙarƙashinsa, a tsince tsutsa da hannu, a cire ganyen da ya kamu a kai shi nesa. A fangali biyu wannan aikin minti biyar ne. Na biyu bedi, dogon yaro, wanda ke zubar da ƴaƴansa a kowane titi muna takawa. A tara su, a wanke, a shanya a inuwa, a daka rabin kilo, a jiƙa cikin lita 10 na ruwa ya kwana. Da safe a tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulun wanki na sanda a ciki don ya kama ganye, a fesa da marece, saboda rana na kashe ƙarfinsa. A maimaita duk sati. Ku sani ba ya kashewa nan take kamar piya-piya. Hana ƙwaro ci yake, ya hana shi girma, sai bayan kwana biyu uku ake ganin bambanci. Masu gaggawa nan suke karaya su koma kanti. Tonka da tafarnuwa da anka daka anka jiƙa su ma suna korar wasu. Akwai masu jiƙa taba, ni ban ba ku shawararta ba, guba ce ga mutum kamar yadda take ga ƙwaro. Kuma ko bedi kunka fesa, a wanke ganye da kyau kafin a ci.

Kada a maimaita abu ɗaya a wuri ɗaya. Tumati, tonka, tattasai da yalo dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. In kun tuge tumati kun ga saiwarsa ta yi ƙulle-ƙulle kamar carbi, wasu tsutsotsi ne da ido ba ya gani ke cikin ƙasar; ku sa albasa a wurin a zagaye na gaba, ku ƙara taki.

Na ƙarshe iri. In kun sayi na kanti ku duba jikin leda ko gwangwani. Wanda anka rubuta F1 a kai yana ba da amfani mai kyau, amma in kun aje ƴaƴansa kun shuka baɗi ba za su fito kamar uwarsu ba, dole ku koma ku saya. Irin gida kuwa, na kubewa da yakuwa da alayyahu da tonka, ku bar gindi ɗaya ko biyu mafi lafiya su tsufa su bushe a tsaye, ku cire, ku cuɗa da toka, ku sa a kwalba mai marufi, ku rubuta suna da wata. Tsofaffin matan unguwarku na da irin da ba ya cikin kowane kanti. Ku je ku gaishe su ku roƙa, ba sa hanawa. Mai son irin da anka gwada kuma, cibiyar INRAN na nan Tarna, kuma ma'aikatan gona na kowace jiha na amsa tambaya.

Wanda ke son ya ci salatin sanyin bana daga gidansu, ramin takinsa ya kamata ya cika tun watan Agusta, ya yi reno a Oktoba. Ƴaƴan bedi kuwa farkon damina suke zuba, lokacin za a tara na shekara.