SOLA GONA CE, BATIR KUWA RUMBU NE

Jawabi ga ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci na 'Yargoje da kewaye

Ina gaida iyayenmu da malamanmu da dukkan ɗalibai maza da mata, na nan 'Yargoje da sauran ƙasar Ƙanƙara, da baƙinmu na Faskari da Sabuwa. Yau za mu yi magana ne a kan wutar sola, musamman batirin da ake haɗa ta da shi.

Kowa ya san halin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, janareta ya fi ƙarfin talaka. Wutar gwamnati kuma ba ta da tabbas. A watan Oktoba na 2024 jihohin Arewa da yawa, har da Katsina, sun yi fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. Mu kuma a nan, caji ba abin wasa ba ne. Ba mu manta da harin da aka kawo wa garin nan a watan Yuni na 2024 ba. Allah ya ji ƙan waɗanda muka rasa. Wayar da ke da caji ita ce ke kai labari, ita ce ke kiran taimako idan haihuwa ko ciwo ya taso cikin dare.

To, Allah ya ba mu rana kyauta. Amma rana takan faɗi, kuma lokacin ne muka fi bukatar haske. Faifan sola kamar gona yake, yana ba da amfani ne a lokacinsa kawai. Batir shi ne rumbu. Manomin da ya noma hatsi bai gina rumbu ba, kun san yadda zai ƙare.

KAYAN AIKI GUDA HUƊU

Na farko shi ne faifan sola, mai juya hasken rana ya zama wuta. Na biyu kwantirola, wata ƙaramar na'ura da ake sawa tsakanin faifai da batir. Ita ce mai gadin rumbu. Idan batir ya cika sai ta tsayar da wuta, idan ya yi ƙasa sosai sai ta kashe fitilu. Na uku batir. Na huɗu inbata, mai juya wutar batir ta koma irin ta gwamnati. Wanda ƙwan fitilarsa da fankarsa masu aiki da batir ne kai tsaye, ba ya bukatar inbata, don ita ma tana cin nata rabon.

Wasu sukan haɗa faifai da batir kai tsaye don gudun kuɗin kwantirola. Wannan asara ce. Batirin zai yi ta shan wuta har ya lalace. Idan za a haɗa, a fara haɗa batir da kwantirola, sannan a haɗa faifai. A sa fiyus kusa da batir don gudun gobara.

A YI LISSAFI KAFIN A JE KASUWA

Ga inda karatunku zai yi muku rana. Kowane kayan wuta akwai lamba a jikinsa da harafin W, wato wat. Ka ninka wannan lamba da awoyin da kake kunna shi. Ku rubuta wannan misali:

Ƙwai 3 masu wat 5, awa 5, ya zama 75. Fanka mai wat 15, awa 8, ya zama 120. Rediyo mai wat 5, awa 5, ya zama 25. Cajin waya 2, a ce 30. Jimla 250. Wannan shi ne abin da gidan ke ci a dare ɗaya.

Yanzu sai a duba rumbu. Idan an rubuta 12V da 50Ah a jikin batir, ka ninka 12 da 50, ya ba ka 600. Amma batirin ruwa rabi kawai ake ci, wato 300. Wannan zai kai gidan safiya, amma dare ɗaya tak. A watan Agusta ana iya wuni cikin hadari rana ba ta fito ba. Saboda haka mai hali ya sayi mai 100Ah, wanda rabinsa 600 ne, ya ishe shi kwana biyu. Faifai mai wat 100 yana iya tara wajen 400 a ranar da gari ya yi haske, don haka zai mayar da abin da aka ci har da ragi. Amma ƙaramin faifai da ƙaton batir ba sa tafiya tare. Batirin ba zai taɓa cika ba, kuma batirin ruwan da ba ya cika yakan mutu da wuri.

WANE BATIR ZA A SAYA?

Kada a sayi batirin mota. An yi shi ne don ya ba da wuta mai ƙarfi na ɗan lokaci ya tayar da inji, ba don a kwana ana zuƙarsa ba. Batirin sola iri biyu ne a kasuwa. Akwai na dalma, wanda ya fi sauƙin kuɗi amma yana da nauyi kuma ba a cin fiye da rabinsa. Akwai na litiyom, mai tsada, amma ana iya cin kashi 80 cikin 100 na wutarsa, kuma ya fi daɗewa nesa ba kusa ba. Idan litiyom ka saya, ka tabbata kwantirolarka ta dace da shi.

Ku yi hankali da tsohon batir da aka wanke aka manna masa sabuwar takarda. Araha ba ta ado. Ka sa a gwada a gabanka, ka karɓi rasit mai kwanan wata, ka karanta shi da kanka.

KULA DA KAYA

A kafa faifai yana fuskantar kudu, a ɗan jingine shi don ruwan sama ya riƙa wanke shi. Kada inuwar bishiya ko ta katanga ta faɗa masa, don inuwa kaɗan tana rage wuta da yawa. Lokacin hunturu ƙura takan rufe shi. A goge shi da tsumma mai laushi da ruwa mai tsabta da sassafe, kafin ya yi zafi.

Batir ba ya son zafi. A ajiye shi a inuwa, bisa katako, inda iska ke shiga. Batirin ruwa yana fitar da iska mai kama wuta idan yana caji, don haka a nisanta shi da murhu da ashana da sigari. Idan ruwansa ya ragu, a ƙara ruwan batir na kanti, ban da ruwan rijiya. Kada a jona dutsen guga ko abin dafa ruwa, za su kwashe wutar nan take.

Sai magana ta ƙarshe, kuma iyaye mata ku saurara da kyau. Idan batir ya mutu, kada a fasa shi a gida, kada a bar yara su yi wasa da shi. Dalmar cikinsa guba ce. A shekarar 2010 gubar dalma daga wajen haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a maƙwabciyarmu Zamfara. Ita wannan dalma ce ke cikin batir. A mayar da mataccen ga mai sayarwa, sau da yawa ma yakan rage maka kuɗin sabo.

Wanda kuɗinsa bai kai ba, ya fara da kaɗan: faifai ɗaya, kwantirola, batir ɗaya da ƙwai biyu. Mata kuma za su iya yin adashi don wannan. Aikin gida na wannan mako shi ne kowa ya rubuta kayan wutar gidansa, ya yi lissafinsa, ya kawo wa malamin aji ya duba.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa damina ta yi albarka.