Kafin Mu Biya Kuɗin Fili



Yawancinmu da adashi ko rance muke sayen fili, wasu kuma sai sun karɓi giratuti. Kuɗin da aka tara da ƙurar alli shekara ashirin bai kamata a miƙa shi a kan takardar da dillali ya rubuta a gindin bishiya ba.

Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna. Saboda haka sa hannun mai unguwa a Yelwa shaida ce kawai. In mai sayarwa ya ce yana da takardar mallaka, mu kai lambarta ma'aikatar filaye a Birnin Kebbi, a duba ko da sunansa take, ko kuwa tana jingine a banki.

A ƙauyukan Ngaski da Shanga, gado ne ya fi cin mutane. Gonar magada goma ce, ba a raba ba, babban wa ya sayar. Ranar da ƙannensa mata suka je kotun shari'a, mai saye ke kwana ciki. Mu nemi takardar rabon gado, mu kuma tambayi maƙwabtan gonar ko aro ce ko jingina, domin su ba su da la'ada a cinikin.

Bakin tafki kuwa, tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa na da tasa iyakar. Filin da aka nuna mana a Yuni, ruwa ya ja baya, mu koma mu gan shi a Oktoba kafin mu biya.