NANA ASMA'U DA 'YAN TARU: JAWABI GA HAKIMAI DA MALAMANSU



Abin da za a yi magana a kansa yau shi ne aikin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ji ƙansu. Sunanta kam ba wanda bai sani ba, ga makarantun 'yan mata nan da yawa suna ɗauke da shi. Amma yawancin mutane da waƙa kaɗai suka san ta. Abin da ya fi shafar hakimi shi ne dabarar da ta bi har ta kai ilmi ga matan ƙauye waɗanda ba su da halin barin ɗakunansu, gama wannan matsala tana nan har yau a ƙasashen hakimai da yawa.

An haife ta a Ɗegel cikin 1793, ita da ɗan'uwanta Hassan, tagwaye. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama, sai sauran matan Shehu suka rene ta. Ba ta wuce shekara 11 ba sa'ad da Jama'a suka yi hijira zuwa Gudu cikin 1804, saboda haka yunwa da tafiyar ƙasa da suka biyo baya duk da idonta ta gan su. Aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, wanda daga baya ya zama Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ta haddace Alƙur'ani, tana rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa. Bayan rasuwar Shehu cikin 1817, tana cikin waɗanda suka tsaya wajen tattara littattafansa da adana su.

To, ga halin da ƙasa ta ke ciki a lokacin. Yaƙi ya watsa garuruwa, ya tara mutane iri iri a kewayen Sakkwato da Wurno. Akwai gwauraye, akwai waɗanda aka kamo, akwai matan ƙauye da ba su taɓa zama gaban malami ba. Mace in ɗanta ya yi zazzaɓi, ko haihuwa ta yi mata gardama, ko zaman gida ya dame ta, wurin 'yan bori ta kan nufa, domin su ne kusa da ita, su ne kuma masu sauraronta. Hani da baki kawai ba ya raba mace da wurin da ta ke samun mai jin kukanta, sai in an ba ta wani wurin. Asma'u ta gane wannan sarai.

Cikin shekarun 1830 ta shiga zaɓen mata dattijai daga ƙauyuka, masu hankali, waɗanda mutanen garinsu suka riga suka amince da su. Kowace ta kan naɗa ta jaji. Kun dai san jaji a ayarin fatake, shi ne mai shiga gaba, ya san hanya, ya san zango. Naɗin kuwa a fili a ke yinsa: a ba ta malfa, a naɗa mata jan ƙyalle a kai. Malfar nan ba da ka aka zaɓe ta ba. Irinta ce Innar Gobir, shugabar 'yan bori, ta kan sa. Watau alamar da mata suka saba girmamawa ita aka ɗauko aka ɗora wa mai koyar da salla da tsarki. Hakimai sun fi kowa sanin abin da rawani ya ke ƙara wa maganar mutum.

Jaji ita ke jagorar matan garinta zuwa Sakkwato, su ne a ke kira 'yan taru. Ba kowace mace ke tafiya ba. Tsofaffin da suka daina haihuwa su ke zuwa, da 'yan mata waɗanda ba a yi wa aure ba tukuna. Matan aure suna gida, ba a taɓa hakkin miji ba, ba a bar yara ba mai kula. In 'yan taru sun komo, sai su bi gida gida suna koyar da abin da suka samo. Ta haka karatu ya shiga ɗakin da malami namiji ba shi da ikon shiga, ba tare da an yi jayayya da kowane maigida ba. Su kan zo da sadaka gwargwadon hali, hatsi ko zuma ko man shanu ko zare, ita kuwa sai ta rarraba wa mabukata.

Abin koyarwar waƙa ce, domin mai daka da mai kaɗi suna iya rera waƙa hannunsu na kan aiki, kuma wadda ba ta san baƙi ba tana iya riƙe ta da ka. Ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani duka 114 cikin baiti 30, da Fillanci cikin 1829, da Hausa cikin 1838. Ta yi waƙa a kan mata salihai na da da na zamaninta, don mata su san suna da magabata. Cikin 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwan da Larabci, a kan neman waraka da ayoyi da addu'o'i, har da abin da ya shafi ciki da haihuwa. Nan ma gurbin bori a ke cikewa.

Masu mulki ma ba ta ƙyale su ba. Cikin 1831 ta juya wata waƙar Shehu daga Fillanci zuwa Hausa, ita ce Tabbat Haƙiƙa, wadda ke gargaɗin sarakuna a kan zalunci da alƙalai a kan cin hanci. A tuna ɗan'uwanta ne ke bisa gadon sarauta a lokacin, mijinta ne Waziri, kuma da Hausa ta fitar da ita, harshen da talaka ke ji.

Wani abu da ya kamata malaman hakimai su lura da shi, shi ne waɗanda ta yi wa marsiyya. Ta yi wa Bello sa'ad da ya rasu a Wurno cikin 1837, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma ta yi wa wata jajinta mai suna Hauwa'u, ta yi wa maƙwabciyarta Halima. Ba don alƙalaminta ba, da yau ba wanda zai san an yi waɗannan mata. Wanda ya yi wa jama'a hidima a ƙauye, in malami bai rubuta sunansa ba, ya ɓace ke nan.

Ta rasu cikin 1864, aka rufe ta a Hubbare kusa da Shehu. Aikin bai mutu da ita ba, ƙanwarta Maryam ta ɗauka, bayanta kuma Ta Modi, aka ci gaba da naɗa jajoji har cikin ƙarni na 20. Sa'ad da Gwamnatin Jihar Arewa ta tayar da Yaƙi da Jahilci cikin shekarun 1950, an sha wuyar kaiwa ga matan kulle, alhali an riga an gwada maganinta a ƙasar nan shekara ɗari kafin nan. Hakimin da aka kawo wa aikin karatun mata ko na lafiya, kafin ya sa dagatai su yi shela, ya kamata ya tambaye su wace tsohuwa ce mata ke kai wa ƙara a kowace unguwa, wa ke karɓar haihuwa, wa ke sulhunta kishiyoyi. Daga cikinsu za a sami jaji. In an same ta, a girmama ta a gaban jama'a.

Rubuce-rubucenta wajen 60 ne suka iso gare mu. Waziri Junaidu, wanda ya fito daga zuriyar Giɗaɗo, shi ya buɗe wa Jean Boyd taskarsa, ita da Beverly Mack suka buga su a haɗe cikin 1997. Kwafin waƙoƙin nan da ajami suna iya kasancewa cikin gafakar malaman ƙauye, inda gara da ɗigon ruwa ke cinsu. Malamin hakimi in ya ci karo da irinsu, kada ya karɓe daga hannun mai su. Ya rubuta sunan garin, da yawan warƙoƙin, da sunan wanda ya kwafa in yana jiki, sa'an nan a sanar da ofishin tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato, ko Gidan Arewa a Kaduna.