Jawabi a Kan Wasan Kara da Wasannin Kaka na Garinmu

Iyayenmu dattawa, malamai, da ku ƴan'uwa ƴan ci-rani da kuka zo daga Yamai da Sakkwato da Ikko da Kwatano, barkanku da zuwa. An ce in yi magana a kan asalin wasannin kaka na ƙasarmu ta Arewa, da abin da ya same su.

A da, idan aka gama yankan hatsi aka kai damma rumbu, sai Sarkin Samari ya sa a buga ganga. Samari su fito kokowa da dambe, ƴan mata su yi gaɗa a dandali. Babban abin kallo shi ne wasan kara. Ana kiransa haka don da karan gero da na dawa ake yin doki da sanda da bindiga. Yaro ya naɗa rawani ya zama sarki, wani alƙali, wani dogari. Da Nasara ya zo, sai aka ƙara kumandan da tafinta da ƴan sanda masu karɓar bodo. Damagaram ta yi suna da wannan wasa, ƴan'uwanmu na Najeriya kuma suna da irinsa, wanda suke kira kalankuwa.

To, dattawa, kun fi ni sani: wasan makaranta ne. A nan yaro yake koyon gaisuwar fada, da yadda ake sauraren mai ƙara kafin a yanke shari'a. A nan kuma babba yake ganin halinsa. Mai rowa ko mai cin hanci zai ga an kwaikwayi tafiyarsa da muryarsa a gaban jama'a, ya yi dariya tare da kowa, ya koma gida ya gyara.

Me ya raunana shi? Na farko yunwa. Farin 1973 ya bar rumbuna wayam, kuma ba a wasa da ciki babu komai. Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, gwamnati ta tada samariya a kowane gari. A 1975 aka fara kokowar takobi ta ƙasa a Tawa, inda Yakuba Kantu na Maraɗi ya yi nasara. Wasanni sun farfaɗo, amma da yawansu sun koma na tarbar manyan baƙi, ba'ar da ake yi wa masu iko ta ragu. Sai ga yunwar 1984, wadda muke kira El Buhari, shekarar da Najeriya ta rufe iyakarta. Da aka shiga zamanin jam'iyyu bayan Babban Taron Ƙasa na 1991, samariya ta watse, samarin gari ɗaya suka rabu gida-gida.

Na ƙarshe kuwa mu ne. Kore Mairuwa tana bakin babbar hanya tsakanin Dosso da Dogon Dutsi, mota ba ta yankewa. Ana ɗaure damin ƙarshe, saurayi ya ɗauki jakarsa, ba a sake ganinsa sai ruwan shuka. Wa zai zama sarki, wa zai zama dogari?

Ba na hana kowa nema, domin kuɗin ci-rani ne ke cika inda rumbu ya gaza. Roƙona uku ne. Mu tsai da mako ɗaya bayan kaka, kada kowa ya tafi sai an yi wasa. Wanda ba zai iya zuwa ba ya aiko da gudummawa ta hannun ma'ajin ƙungiya, don makaɗa da goro da abincin baƙi. Sannan ƴan lakwal su zauna wurin tsofaffi maza da mata su rubuta sarautun wasan da tsarinsa tun masu sani suna da rai. Malamanmu su zauna cikin shirin, abin da bai dace ba a cire shi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya mai da matafiya gida lafiya. Wassalam.