Ƙasar Gangaren Dutse da Amfaninta Wajen Kiwo: Misalin Tsaunin Mambila

Wanda ya hau Tsaunin Mambila da damina, a Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, zai ga ciyawa kore shar iyakar ganin ido, har ya zaci ƙasar ba ta gajiya. Amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Ƙarfin makiyaya ta kan dutse, daga kaurin ƙasar da ke ƙarƙashin ciyawar ake gane shi, da kuma irin gangaren da take kai.

Tsayin wannan tsauni ya kai kimanin mita 1,600 bisa teku, kuma a nahiyarsa ne Chappal Waddi yake, mai mita 2,419, dutse mafi tsayi a Nijeriya. Saboda sanyin wurin, ƙudan tsando mai kawo sammore bai cika zama a can ba. Wannan shi ya jawo Fulani makiyaya suka yi ta hawa da shanunsu a ƙarni na 20, har suka zauna dindindin.

Ƙasar wurin iri uku ce. Ta farko ita ce ta bisa tudu, inda ya ɗan shimfiɗe. Jar ƙasa ce mai zurfi, samanta kuwa baƙi-baƙi, domin sanyi yakan hana ganye da saiwa saurin ruɓewa. Sai dai ruwan sama mai yawa ya wanke mata gishirinta, ta yi tsami, kuma takan riƙe sinadarin fosfaras ta hana tsiro. Ta biyu ita ce ta gangare, wadda ba ta da kauri, sau da yawa ma tsakuwa ce da dutse a kusa. Ta uku ita ce ta kwari, inda duk abin da ruwa ya kwaso daga sama yake taruwa, ga laka, ga damshi har cikin rani.

Ta gangaren nan ce abin tsoro, gama saiwar ciyawa kaɗai ke riƙe da ita. In shanu suka yi yawa, kofato yakan daddale ƙasa, ruwa ya kasa shiga, sai ya bi hanyar shanu yana zaizaya, har hanyar ta zama kwazazzabo. Bugu da ƙari, dabba takan fara cinye ciyawa mai daɗi, sai mai tauri da ba ta ƙosarwa ta maye gurbinta. Ƙone daji kafin faɗuwar ruwa yakan bar gangaren tsirara.

In gangare ya lalace, makiyayi sai ya gangara kwari, inda manomi ya shuka masara. Takaddamar filaye irin wannan na cikin dalilan rikicin da ya ci rayuka a Mambila a 2002 da 2017.

Saboda haka, wajibi ne ma'aikatan gona da na dabbobi su auna gangare kafin su yanka wurin kiwo. A sa garke bisa tudu, a riƙa hutar da fili bi da bi, gangare mai tsanani kuwa a bar wa itatuwa, a kuma fitar da burtali zuwa mashaya. Manoman Mambila sun daɗe suna shuka majimfa a saura domin mayar wa ƙasa ƙarfinta. Ya kamata ɗalibai su nazarci wannan dabara. Ƙasar da ruwa ya kwashe a damina ɗaya, sai an yi ɗaruruwan shekaru kafin dutse ya sake haifar da irinta.