Rufe Hanya Don Ceton Rai: Daga Ƙanƙarar Amurka Zuwa Ambaliyar Madina

Duk wanda ya zauna a ƙasashen sanyi ya san yadda dusar ƙanƙara kan tsai da harkokin gari. A watan Disamba na 2022, ƙanƙara mai haɗe da iska ta rufe birnin Buffalo na Jihar New York a Amurka, har hukuma ta hana tuƙin mota na kusan kwana shida. Duk da haka mutum fiye da 40 suka rasu a wannan yanki, waɗansunsu a cikin motocinsu aka same su. Daga baya jama'a suka yi ta ƙorafi cewa an makara wajen ba da umurnin, domin kafin ya fito ma'aikata da yawa sun riga sun kama hanya.

To, a Madina ba a san irin wannan ƙanƙara ba. A Saudiyya sai can arewa, kan duwatsun Tabuka irin su Jabalul Lauz, ta kan sauka da hunturu. Amma matsalar da ke gaban hukuma iri ɗaya ce, watau sanin lokacin da ya kamata a datse hanya kafin bala'i ya auku. Abin da ke jawo haka a ƙasar Hijaz shi ne ambaliya.

Ruwan saman da Madina kan samu a shekara bai kai milimita 100 ba, abin da Kano kan wuce a watan Agusta kaɗai. Sai dai ya kan zubo ne gaba ɗaya bisa duwatsu da ƙasa mai tauri wadda ba ta shan ruwa, ya gangara cikin kwaruruka. Uku daga cikinsu sun shahara tun zamanin da: Aƙiƙ a yamma da gari, Buɗhan da ke ratsa tsakiyarsa, da Ƙanat wanda ke bi ta gindin Dutsen Uhudu. Haɗarin da ke ciki shi ne, ana iya yin ruwan can nesa, sama tana garau a kan matafiyi, sai kawai ya ga kwarin da ke busasshe ɗazu ya cika ya batse, yana tafe da duwatsu da itatuwa.

Abin da ya faru a Jidda ya zama darasi ga ƙasar duka. Ran 25 ga Nuwamba 2009, daidai ranar da alhazai ke fita Mina, ambaliya ta hallaka mutum fiye da 100, da yawansu a cikin motoci. Sarki Abdullahi ya sa aka yi bincike, aka kuma gina madatsun ruwa da magudanai. Ran 24 ga Nuwamba 2022 ruwa ya sake sauka a birnin, har milimita 179 cikin awa shida, ya fi na farkon yawa. Amma a wannan karon an riga an dakatar da makarantu, aka kuma rufe babbar hanyar Jidda zuwa Makka sai da ruwa ya janye. Mutum biyu aka ba da labarin rasuwarsu.

Tsarin da ake bi a Madina da sauran larduna shi ne, cibiyar nazarin yanayi ta ƙasa ta fid da gargaɗi mai daraja uku: rawaya, ruwan lemo, da ja wanda ya fi tsanani. Daga nan rundunar agajin gaggawa, wadda Larabawa ke kira Difa'ul Madani, ta kan aika da saƙo a wayoyin jama'a, ta tanadi ma'aikatan ceto. 'Yan sandan hanya kuwa su datse hanyoyin ƙarƙashin gada da mashigan kwaruruka, yara su yi karatu daga gida.

Wannan magana ta shafi Hausawa ƙwarai, ko mazauna Madina, ko dubban masu Umra daga Nijeriya da Nijar da Gana waɗanda ke bin Hanyar Hijira, mai tsawon fiye da kilomita 400, tsakanin Madina da Makka. Galibin ruwan Hijaz daga Nuwamba zuwa Afrilu ya kan sauka, lokacin da matafiya ke da yawa. Wanda ya ɗaura harami, ko yake gudun kada jirgi ya tashi ya bar shi, ba ya son jinkiri, har ya kan matsa wa direba ya nemi wata ɓarauniyar hanya. Alhali kuwa ruwa mai gudu da bai wuce gwiwa ba yana iya ɗauke mota. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Awa uku da fasinja zai yi a zaune gaban shingen 'yan sanda ba za su hana shi isa Ɗakin Allah ba, in da sauran kwana.