Ƙarancin Bugu da Darajar Kwandala: Darasi daga Kuɗin Ƙarfen Birtaniya da Amurka



Wannan takarda ta shafi masu tara kuɗin ƙarfe na zamani, wato kwandalolin da har yanzu ake ba da canji da su a kanti, ba tsofaffin da ake tonowa a kufai ba. A wurin waɗannan mutane tambayar farko kullum ita ce: guda nawa aka buga? Tambayar tana kan hanya, sai dai ni a ganina an ɗora mata nauyin da ya fi ƙarfinta.

Mu fara da Birtaniya. A 2009 gidan buga kuɗin ƙasar, Royal Mint, ya fitar da kwandalar rabin fam domin cikar lambun Kew shekara 250, da hoton hasumiyar lambun a bayanta. Guda 210,000 kacal aka saka a kasuwa, a ƙasar da ake buga irin wannan kuɗi miliyoyi a shekara. Amma kusan shekara biyar tana yawo hannu zuwa hannu, ana sayen burodi da ita, mutane ƙalilan ne suka kula. Sai a 2014, da gidan bugun ya sanar cewa ita ce mafi ƙaranci a cikin masu yawo a kasuwa, jaridu suka ɗauka, kowa ya shiga zazzage aljihu. Yau ana sayar da ita sama da fam 100. Adadinta bai canja ba tsakanin 2009 da 2014. Abin da ya canja shi ne yawan masu nema.

Akwai wadda ta fi ta ƙaranci: rabin fam na 1992 zuwa 1993, na tunawa da shugabancin Birtaniya a majalisar Tarayyar Turai, guda 109,000. Duk da haka ba ta cika kamo kuɗin ta Kew ba. Dalili kuwa, an rage girman rabin fam a 1997, aka janye manyan, don haka babu mai sa ran tsintar ta a canji. Farautar da babu fatan kamu ba ta tara jama'a, kuma jama'ar nan su ne kasuwa.

Inda maganar ta fi daɗi shi ne Amurka. A 1950 gidan bugu na Denver ya buga santi biyar guda 2,630,030, adadi mafi ƙanƙanta a jerin masu hoton Shugaba Jefferson da aka yi domin kashewa. Labari ya fita da wuri. Dillalai da masu neman riba suka yi caa, suka saye su ƙunshi-ƙunshi tun daga banki, suka kulle. Farashi ya yi ta hawa har farkon shekarun 1960, daga baya ya faɗo. Me ya faru? Ɓoyon da aka yi ya ceci kaso mai yawa daga lalacewa, har ta kai samun sabuwa fil, wadda ba ta taɓa shiga aljihu ba, ya zama abu mai sauƙi. Kwandalolin wasu shekaru da aka buga da yawa kuwa, waɗanda babu wanda ya damu ya adana, sun goge a hannun mutane, samun mai kyau a cikinsu ya fi wuya. Ke nan adadin da aka buga daban, adadin da ya tsira da kyaunsa daban, kuma sanar da ƙaranci da wuri yakan rage tazarar da ke tsakaninsu.

Gidajen bugu sun gane wannan hali na mutane, har suna wasa da shi. A 2019 Amurka ta buga rubu'in dala masu harafin W, alamar gidan bugu na West Point, miliyan 2 na kowane zane cikin zane biyar, ta cakuɗa su da sauran kuɗi da gangan domin a farfaɗo da sha'awar dubawa. Ƙarancin da aka shirya ke nan, kuma tun ranar farko masu tarawa suke tsince su.

A nan gida al'amarin ya sha bamban. Babban Bankin Nijeriya ya fitar da kwabo 50, naira 1 da naira 2 na ƙarfe a Fabrairun 2007, amma tsadar kaya ta sa babu abin da suke saya, 'yan kasuwa suka ƙi karɓa. Kuɗin da ba ya yawo ba ya haifar da masu farautarsa, ko da kuwa ya yi wuyar gani.

Gwajin da ke gabanmu yanzu shi ne rabin fam na 2023 mai hoton kifin salmon da kan Sarki Charles na Uku. A Oktoban 2024 aka sanar cewa guda 200,000 aka saka a kasuwa, ƙasa da ta Kew. Hasashena shi ne za ta fi bin sawun santi biyar na 1950, domin an ankara da ita tun tana sabuwa, ba kamar ta Kew da ta sha yawo kafin a farga ba.

Mai niyyar saye kuma ya buɗe ido. Ta kifin da aka sayar cikin kwalin masu tarawa tana da ɗan ƙaramin tambarin kambi a bayan kan sarki, kuma ba ta cikin lissafin 200,000 ɗin. Ta Kew an sake buga ta a 2019 domin masu tarawa kawai, saboda haka shekarar 2009 ake dubawa. Jabunta sun yi yawa a intanet, sai a ɗora ta a sikeli: ta gaske giram 8 ce.